Harsashin da Tela Ya Gyara

Ni tela ne, kuma irin telan nan da ba ya iya ganin zare yana reto a rigar mutum ya yi shiru. Ko a sahun salla na hangi aljihun na gabana ya karkace, sai in yi ta kokawa da zuciyata har liman ya sallame. Matata ta ce ciwo ne. Na yarda ciwo ne, don shi ya kusa tsufar da mahaifina a cikin mako guda.

Baba maharbi ne tun kafin a haife ni. Ƙauyenmu yana ƙasar Kuyello, gonakinmu na ƙarshe sun jingina da daji, kuma babu gidan da bai taɓa cin naman hannunsa ba. Bindigarsa ta girme ni. Irin ta ɗuri ce, wadda ake zuba wa albarushi ta baki, a danna tsumma, a bi da harsashi, harbi ɗaya tak sai an sake ɗuri. Icen gindinta ya tsage tun ina rarrafe, ya ɗaure shi da ɗanyar fata, fatar ta bushe ta zama kamar ƙarfe. Inna takan ce da ana yi wa bindiga tuwo, da ita za a fara zuba wa a gidanmu.

Shekarar da nake ba da labari, Baba ya haura saba'in, idonsa na hagu kuma ya fara yana. Ni ina Birnin Gwari da shagona a bakin kasuwa, yayata tana aure a Kaduna. Kullum ta kira ni a waya maganar ɗaya ce: in karɓe bindigar nan. Ba don idon kaɗai ba. Lokacin an fara jin ƙishin-ƙishin cewa ana ganin baƙin fuska a cikin dajin, masu bindigogin da ba na farauta ba. Abin bai kai inda ya kai daga baya ba, amma hankali ya fara tashi.

Da na yi ƙarfin hali na kai masa maganar idon, dariya ya yi har da buga cinya.

"Na hagun? Kai Tela, ai dama rufe shi nake yi in zan yi harbi. Allah ne ya rage mini aiki."

Haka yake kirana, Tela, kuma a bakinsa kalmar tana fita da ɗan tausayi, kamar mai gaida maras lafiya. Na matsa, yayata ta matsa, har ya gaji da mu. Ya ce to, ga sharaɗi: ranar da ya auna dabba tana tsaye a gabansa ya kuskure, ranar zai ajiye bindiga, ba sai wani ya roƙe shi ba. Ya faɗa ne da gadara, don a saninsa wannan ranar ba ta cikin kwanakin duniya.

Da kaka ta gabato, wake ya fara fure, sai wani mazo ya ɗaura wa gonarmu ta bakin rafi aure. Wanda bai san mazo ba, ɗan'uwan barewa ne, ya fi gada girma nesa, ja ne mai ɗigo-ɗigon fari a cinya, kuma ba abin da yake so irin ganyen wake. Wani makiyayi da ke da ruga kusa da mu, abokin Baba na shekaru, shi ya zo ya ce ya gan shi sau biyu da sanyin safiya yana fitowa daga duhuwar rafin. Baba ya aiko mini da saƙo ta hannun direban motar kasuwa: in zo ranar Alhamis, in taho da dalma.

Dalmar daga tsohon batirin mota ake samunta. Na bi ta wajen makanikai na karɓo 'yan dunƙule, na ɗaure a bayan babur, na bi hanyar nan tamu mai karya ƙugu. Na tarar har Baba ya hura gawayi a bayan rumbu, Inna tana daga madafa tana faɗa a kan ludayin ƙarfenta da ya sake sacewa.

"Malam, wannan na uku ke nan! Da me zan kwashi miya?"

"In na kawo nama kya kwasa da hannu," in ji shi, ko waiwayowa bai yi ba.

Ina son kallon zubin harsashin nan tun ina ƙarami, har yau kuma ban ga aikin da ya fi shi natsuwa ba. Abin zubinsa wasu duwatsu ne biyu masu laushi, kowanne da rabin rami, in an haɗa su aka ɗaure da tsirkiya sai ramin ya cika, da 'yar ƙofa a sama. Kakansa ya sassaƙa su daidai bakin wannan bindigar. Ya fara gasa dutsen a gefen wuta, wai in da ɗigon ruwa a ciki dalma za ta yi tsalle ta sumbaci fuskar mutum. Dalmar ta narke, ta yi ƙyalli, ya sa tsinke ya yaye dattin da ya taso, ya karkata ludayin a hankali. Hannun da ke rawa in ya ɗauki kofin shayi, a nan ko motsi bai yi ba.

Uku ya zuba. Uku yake zubawa kullum, wai wanda ya shiga daji da goma tun daga gida ya san halinsa. Sai aka kira la'asar. Ya ce in sun huce in zuba su a 'yar jakar fata, ya kama hanyar masallaci, ni kuma na ce zan biyo shi.

A nan ciwona ya tashi. Na ɗauki ɗaya na juya shi a tafin hannu, sai na ga wani ɗan tudu siriri ya kewaye shi, daidai inda duwatsun biyu suka haɗu. Ga kuma ɗan tsiro a sama inda aka yanke bakin zubi. Wallahi ji na yi kamar an ba ni riga an bar mata bakin ɗinki a waje. Na ce a raina, ayya, tsufa! Ido ya tafi, ga aiki ya fara fita da kunne. Na lalubo magagarin da ake wasa fartanya da shi, na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na cire tudun, na cire tsiron, na ga gefe ɗaya ya fi ɗaya, na daidaita, na sake daidaitawa. Kafin in tashi sun yi sumul suna walƙiya kamar maɓallan kaftanin ango. Na zuba a jaka na ɗaure, na tafi salla a makare ina jin daɗin kaina. Ban gaya masa ba, so nake sai nama ya faɗi in ce, "Baba, kun san wa ya gyara harsashin nan?"

Washegari da gari ya yi haske muka fita. Saboda kafaɗarsa da ke damunsa, ni ke ɗauke da bindiga da jaka. A bakin gona ya tsaya, ya tsuguna yana karanta sawu a ƙasa, yana ba ni umarni ta bayan ƙeya.

"Albarushi cikin murfin ƙaho ɗaya. Kada ka yi mini rowa, kada ka yi mini kyauta. Tsumma. Danna. To, harsashi."

Na saka shi a bakin, ya zurma sulub har ƙasa, ko sandar dannawa ban taɓa ba. Na yi murmushi, na ce ka ji aikin gwani. Na tambaye shi ko in ƙara tsumma a sama.

"Harsashina ba ya son bargo. In ya shiga ya zauna."

Muka kutsa. Ciyawa ta fi mu tsawo, raɓa tana zubo mana kamar yayyafi. Sai wata dabarar ta sake zo mini: kada ruwa ya shiga bututun ya jiƙa albarushi. Na juya bakin bindigar ƙasa, na rungume ta a hammata, na bi bayansa a haka har muka tsallake rafi. Dabara biyu ke nan a kwana ɗaya, kuma duk ba wanda ya tambaye ni.

Muka laɓe a gindin wata kanya, iska tana busowa daga gonar zuwa gare mu. Baba ya karɓi bindiga ya ɗora a gwiwa, ya zama kututture. Ni kuwa cinnaku suka gano ni, suka shiga ta ƙafar wando, na riƙa cije leɓe ina karanto duk addu'ar da na sani. Rana ta ɗan ɗaga. Can sai ganye ya motsa, mazon ya fito.

Kai, Allah ya yi halitta! Namiji ne, ƙahonsa a murɗe, jikinsa ja kamar an shafa masa manja, ɗigon farin nan reras. Ya ɗaga kai ya shinshina, ya sunkuya ya kama cin wakenmu hankali kwance kamar da shi aka yi noman. Tsakaninmu bai fi taku ashirin ba, kuma ya ba mu haƙarƙari. Baba ya ɗaga bindiga a hankali, ya rufe idon da dama a rufe yake, na ji ya yi bisimilla ƙasa-ƙasa, ya ja kunama.

Daram! Tsuntsaye suka watse, hayaƙi ya rufe mu, na shaƙa na kama tari. Da hayaƙin ya yaye, ga mazo nan tsaye, ganyen wake a bakinsa, yana kallonmu. Ya yi wani haushi irin na kare sau ɗaya, ya yi tsalle biyu, duhuwa ta haɗiye shi.

Baba ya sauke bindiga. Ya tashi ya je inda dabbar ta tsaya, ya tsuguna ya nemi jini, babu. Ya nemi gashi, babu. Ya wuce ga bishiyar da ke bayan wurin, ya shafa jikinta sama da ƙasa ko zai ji inda harsashi ya shiga, ya san ta ina ya kauce. Ko ƙwarzane. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya dawo ya miƙo mini bindigar da hannu biyu.

"Mu je gida, Tela."

Yana gaba ina baya. Da muka zo mashigin rafi, sai na hangi wani abu yana ƙyalli a kan yashi, daidai inda na sunkuya ɗazu ina naɗe ƙafar wando. Na ɗauka. Babu harsashi mai wannan ƙyallin a duk ƙasar Birnin Gwari sai guda uku, na laluba jaka na ji biyu. Ashe tudun nan da na raina shi ke kama bututu. Na aske shi, na kuma juya baki ƙasa, harsashi ya gangaro ya yi zamansa a rafi. Albarushi da tsumma Baba ya harba wa mazo.

Na buɗe baki zan kira shi. Wallahi na buɗe. Sai na tuna yayata, na tuna baƙin fuskar da ake faɗa, na ga ga abin da muka yi shekara muna roƙo ya faɗo mana a hannu ba da faɗa ba. Na rufe bakina, na jefa harsashin a aljihu.

A gida ya ce in tura bindigar ƙarƙashin gado. Inna ta dube shi, ta dube ni. Da yamma na hau babur na koma gari, na kira yayata na ce Baba ya ajiye bindiga. Ta yi ta hamdala tana sa mini albarka, ni kuwa albarkar tana sauka a kaina kamar ruwan zafi. Satin nan na ɗinka wa wani mutum hannun riga a baibai, abin da ban taɓa yi ba tun ina koyo.

Ranar Juma'a ta zagayo na koma. Baba, wanda ke gane kukan babur ɗina tun ina hayin rafi, yana zaune a zaure da sanda a gefensa. Sanda! Na yi sallama, ya ɗaga kai yana ƙifce-ƙifce.

"Wane ne?"

Na shiga ciki. Inna ta ja ni bayan madafa. Ta ce tun ranar bai taka gona ba. Tuwo sai ya ci loma uku ya ture. Buta ma sai ya ce a miƙo masa, wai kada ya yi tuntuɓe. Jiya da maƙwabci zai tafi masallaci, cewa ya yi ya tsaya su tafi tare ya riƙa gaya masa inda rami yake.

"Ni ban san abin da ya faru a dajin nan ba," in ji ta, "amma ba mutumin da ka fita da shi ka dawo mini da shi ba."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Mu bindiga muka so ya ajiye, shi kuwa da ya tashi ajiyewa sai ya haɗa da kansa. Na koma zaure na durƙusa a gabansa, na ciro harsashin, don duk satin yana aljihuna, na kama hannunsa na saka masa.

Ya murza shi da yatsu. Ya sake murzawa. Ya kai shi kusa da idon dama.

"Wa ya yi wa wannan aski?"

"Ni ne, Baba."

"Da me?"

"Da magagari. Na ga kamar ɗinkin ya fito waje ne."

"Ɗinki." Ya maimaita kalmar a hankali. "To, a ina ka samo shi?"

"A mashigin rafi. Ya zube tun muna tafiya. Ba idonku ba ne, Baba. Babu komai a cikin bindigar."

Ina kallon fuskarsa tana canzawa kamar an ɗaga labule. Sai ya dafa kafaɗarsa ta dama.

"Shi ya sa ba ta haure ni ba! Shekara hamsin tana haurina, ranar nan ko ƙwarzane. Na ce shi ke nan, ido ya tafi, kafaɗa ma ta mutu ba ta jin duka." Ya miƙe tsaye, ba tare da sanda ba. "Ɗan banzan tela! Sakarai! Harsashin kakana ka mayar maɓalli?"

Ban jira sauran ba, na yi cikin gida da gudu, ni da 'ya'yana huɗu a duniya. Ya biyo ni. Mutumin da jiya ake nuna wa rami ya tsallake turmi, ya kauce wa kaza da 'ya'yanta, ya zagaya rumbu sau biyu a bayana. Da ya ga na kusa ƙofar baya, ya tsaya, ya cire takalminsa na taya, ya auna. Daga bakin rumbu zuwa ƙofar nan ya fi taku goma sha biyar. Tas, a tsakiyar ƙeyata.

Inna ta fito da muciya a hannu, ta zauna a ƙasa don dariya.

"Ido kam lafiya lau, Malam!"

Shi ma dariyar ta ƙwace masa, ya dafa rumbu yana haki. Na kawo masa takalminsa ina sosa ƙeya, na ɗauka an gama. Sai ya daina dariya, ya dube ni.

"Yaushe ka ce ka tsince shi?"

"Ranar."

"Ranar." Ya ƙirga da yatsu. "Kwana bakwai."

Na ce tsoro muke ji, ni da yaya. Na ce dajin ya fara lalacewa, ba ma son wata rana a zo mana da labari.

"Da ka ce mini tsoro kake ji, ai da na ji. Ni ma ina da kunne, na san abin da ake faɗa. Amma ka bar ni ina lalube a cikin gidana."

Wannan ta fi takalmin zafi, har yau kuma ba ta daina ba. Na ba shi haƙuri, ya ce in tashi in hura gawayi, kuma in ya ga hannuna kusa da magagari zai yanke shi. Inna da kanta ta miƙo ludayinta na huɗu. Ya watsa maɓallaina uku a ciki suka narke, ya zuba harsashi ɗaya. Ɗaya tak, da tudunsa da tsironsa, mummuna kamar yadda Allah ya yi shi. A daren ya cinye tuwo malmala biyu, ya ce miyar ba gishiri.

Ban buɗe shago ba sai da aka kwana uku, don mazon ya tsorata, safiya biyu muna zuwa muna ciyar da cinnaku a banza. Baba ne ya yi ɗurinsa da kansa. Na ga yadda harsashin ya tsaya a baki ya ƙi shiga, sai da ya sa sanda ya bi shi da duka har ƙasa. Ni aikina ɗaukar gorar ruwa da wuƙa, kuma an gargaɗe ni kada in yi tunani.

A safiya ta uku mazon ya fito, ta ƙasan gonar wannan karon, ya fi na farko nisa. Baba ya yi bisimilla. Ƙarar ta bambanta, ni ma da ba maharbi ba na ji, kuma na ga kafaɗar tsohon ta yi baya. Kafin hayaƙi ya yaye yana cewa, "Wuƙa, Tela, yi sauri!" Muka same shi kwance da sauran rai, harbin a bayan kafaɗa, inda ya saba sa wa. Ya fuskantar da shi gabas ya yanka. Sannan ya zauna a kan kunyar wake, ya murza kafaɗarsa yana murmushi.

"Ta haure ni," ya ce. "Ja'ira."

Makiyayin nan ya ji ƙara ya zo, ya taya mu ɗauka a kan sanda, aka ba shi ƙafar gaba. Gida-gida aka kai nama a ƙauyen, Inna ta riƙe fatar ta ce buzun sallarta ke nan, ladan ludayi huɗu. Da aka yi azahar Baba ya zauna a inuwar rumbu, ya wanke bututun da ruwan zafi, ya shafe bindigar da man kaɗanya tun daga baki har gindi. Ya sa na buga ƙusa biyu a bangon ɗakinsa, sama da ƙofa. Shi ya ɗaga ta ya rataye, ya naɗe duwatsun zubi a tsumma ya ɗora a kai.

"Kira yayarka. Ka ce na ajiye."

Na fita tsakar gida inda waya ke kamawa. Ta ɗauka, na ce Baba ya rataye bindiga, wannan karon da gaske.

"Ai ka gaya mini tun wancan satin," in ji ta. "Allah sarki, ido ne. Tsufa ba ya..."

Ashe Baba yana bakin ƙofa yana ji.

"Tela! Gaya mata daidai!"

Na gyara tsayuwa, na gaya mata daidai, tun daga magagari. Bai sake taɓa bindigar ba har ya bar duniya, sandar kuwa Inna ta mayar da ita abin korar kaji.